Muhawara: Yaya za a gyara hanyar isa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ga mai ƙafa, mai keke da mai mota?

Injiniya Kabiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, maganar da ake yi kullum ta tikiti ce, da tsaro, da yawan taragu. Wadda ba a cika taɓawa ba ita ce ta isa tashar kanta. Jirgi yana cinye kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, amma mita 500 na ƙarshe kafin get, nan mai akwati da mai goyo da Napep da motar gida suke kokawa a kan kwalta ɗaya. Tambayata: idan aka ba mu wannan mita 500 aka ce mu tsara, kuma kuɗin ba su da yawa, me za mu fara yi? A kawo ma'auni da lissafi, ba "ya kamata gwamnati ta duba" ba.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya, a fara ƙirga mutane. A sa yara huɗu da takarda a bakin get na tsawon mako guda, har da Juma'a da Lahadi, su rubuta yadda kowane fasinja ya iso: da ƙafa, a Napep, a babur, a tasi, an kawo shi a motar gida, ko ya zo da motarsa zai bar ta. Idan ba a yi wannan ba, wanda zai zana taswirar da mota yake zuwa tasha, don haka masu mota zai zana wa.

Abu na biyu, tashar jirgi ba kasuwa ba ce da mutane ke shigowa kaɗan-kaɗan tun safe har dare. Awa uku wajen yana fayau, sai jirgi ya tsaya ya juye ɗaruruwan mutane cikin minti goma. Wannan minti goman ake tsara wa. A ce jirgi ya sauke mutum 600. Faɗin mita ɗaya na hanya yana wuce da mutum 25 zuwa 30 a minti ba tare da gogayya ba, masu kaya kuwa ƙasa da haka. Idan mafitar mita ɗaya da rabi ce, sai an yi kusan kwata ɗin awa kafin na ƙarshe ya fita. Mafita ta zama mita 4 zuwa 5, kuma a bar fili a gabanta wanda mota ba ta shiga ko ta wane ne.

Alhaji Nasiru:
Hajiya, na yarda da ƙirga mutane, amma kada a manta wane irin jirgi ne wannan. Ba jirgin cikin gari ba ne da mutum zai taka daga gida ya hau ya je ofis. Fasinjan Rigasa daga Barnawa yake, ko Malali, ko Unguwar Rimi, wani ma daga Zariya ko Kano ya taso. Ba wanda zai tako daga Kawo da akwati. Wajen ajiye motoci mai tsaro shi ne na farko, sauran duk ado ne.

Hajiya Rabi:
Alhaji, ai ko wanda ya zo a jif, da ya rufe ƙofa ya zama mai tafiya da ƙafa. Daga wajen fakin zuwa get da ƙafa zai je yana jan akwati. Kuma Rigasa kanta gari ce guda, cike da jama'a; ma'aikatan tasha, 'yan dako, masu sayar da abinci, da fasinjan unguwa duk da ƙafa suke zuwa.

Ga lissafin fakin ɗin da kake so. Gurbin mota ɗaya mita 2.5 ne da mita 5. Idan aka haɗa da hanyar shiga da fita mai faɗin mita 6, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Mota 200 ke nan sun cinye fuloti wajen 12 na hamsin da ɗari. Kuma motar da mai ita ya tafi Abuja kwana uku, fasinja ɗaya ta yi wa aiki a kwana ukun. Wannan filin idan aka ba Napep, kowane gurbi zai sauke mutane da dama kafin azahar. Ban ce kada a yi fakin ba. Cewa na yi kada a ba shi bakin get. Mafi kusa da ƙofa na masu ƙafa da masu buƙata ta musamman, sai wajen Napep da bas, sai wajen sauke fasinja a wuce, fakin na kwana shi ne can baya, mita 200 zuwa 300.

Injiniya Kabiru:
Bari in sa baki a kan hanyar ƙafar kanta, domin nan 'yan kwangila suka fi yin aika-aika.

Faɗi: mita 2 wanda babu komai a cikinsa. Ba mita 2 da turken fitila a tsakiya da allon talla ba. Ƙasa da mita 1.8, keken guragu biyu ba za su wuce juna ba, mai jan akwati da mai baro ma haka. Kusa da get a kai shi mita 3 ko fiye.

Tudu: ta fi kwalta tsawo da santimita 15. Idan ta yi ƙasa da haka mota za ta hau ta yi fakin. Idan ta kai 30, kamar yadda ake gani a inda aka mai da murfin kwata hanyar ƙafa, tsoho da mace mai zani ba za su iya hawa da sauka ba, sai su koma kan titi.

Karkata: kashi 2 cikin 100 zuwa wajen kwata, wato santimita 4 a faɗin mita 2. Ya isa ruwa ya gangara, bai isa ya janye keken guragu gefe ba.

Idan intalok za a shimfiɗa, mai kaurin santimita 6 ya isa inda ƙafa kaɗai ke bi, amma duk inda mota za ta ratsa ta shiga gida ko shago sai mai 8. Abin da ke kashe intalok ba shi kansa ba ne, ƙasansa ne. Sai an daddaɓe jar ƙasa da inji, an zuba yashi mai tsafta santimita 3 zuwa 5, an kuma ɗaure gefe biyu da kankare. Idan babu wannan ɗaurin, damina ɗaya ruwa zai kwashe yashin, duwatsun su bubbuɗe, na gefe su fara tafiya gidajen mutane.

Kuskure mafi yawa: a duk ƙofar shago sai a yanke hanyar ƙafa a saukar da ita don mota ta shiga. Mai akwati ya sauka ya hau sau ashirin a mita 300. Daidai shi ne hanyar ƙafa ta miƙe a tsawonta, motar ce za ta hau 'yar gangara ta ƙetare.

Injiniya Hadiza:
Injiniya ka taɓo kwata ka wuce, alhali ita ce rabin aikin. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da mita ɗaya a shekara, kuma kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Hanyar ƙafar da ruwa ke kwanciya a kanta wata biyar a shekara ba hanya ba ce.

Idan za a rufe kwata a bi ta kai, murfin ya zama kankare mai rodi, kauri santimita 10 aƙalla, kuma ya zauna cikin gurbinsa daidai da daɓen hanya, ba a ɗora shi a sama yana rawa ba. A kowane mita 5 zuwa 6 a bar wanda mutum biyu za su iya ɗagawa don yasa. In ba haka ba, ranar da ta toshe da leda da yashi, guduma za a sa a fasa, kuma ba mai mayarwa. Murfi ɗaya da ya ɓace ya kashe hanyar gaba ɗaya da daddare. Murfin ƙarfe kuwa kada a fara, kafin sati ya kai hannun 'yan gwangwan.

Malam Ɗanjuma:
Allah ya ƙara ilimi injiniyoyi. Amma ku gina hanyar mita 2 ɗin ku gani, kafin wata guda mai shayi da mai tsire da mai cajin waya sun kafa tebur a kai. Ba don rashin kunya ba, nan ciniki yake. Korar su da sanda ba ta taɓa yin aiki ba, gobe za su dawo. A zana musu wuri tun a taswira: mita 1.5 zuwa 2 a bayan hanyar ƙafa, a ja layi da fenti, kowane tebur da lambarsa, shugabansu ya sa hannu cewa wanda ya ƙetare layi ya rasa gurbinsa. Da kansu za su tsare hanyar, kuma fitilarsu da idonsu tsaro ne ga matar da jirgin yamma ya sauke.

Maganar Napep kuma. Mu ɗauki mutum 600 na Hajiya, a ce rabinsu Napep za su hau, uku-uku saboda kaya. Napep 100 ke nan. Idan duka suka taru a get, ba wanda zai motsa. Sai a raba wuri biyu: wajen jira can nesa kaɗan inda suke layi, da wajen lodi kusa da get mai gurbi 10 kacal, kowane mita 3.5, jere ɗaya, a shiga ta nan a fita ta can, babu ribas babu juyawa. Kowane lodi minti ɗaya da rabi, zagaye 10, cikin kwata ɗin awa an kwashe kowa. A rubuta unguwa a kan kowane gurbi, wannan Bakin Ruwa, wancan Kasuwa, wancan Kawo, fasinja ya daina yawo yana tambaya ana jan jakarsa. Kuma wajen saukewa dabam da wajen ɗauka. Wanda ya makara yana gudun kada jirgi ya bar shi, da wanda ya sauko yana cinikin kuɗin mota, idan suka haɗu a gurbi ɗaya nan goslo ke farawa.

Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna da 'yan yuniyon. KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, za ta iya tsayawa awa ɗaya, amma masu karɓar kuɗin layi su ne kullum a wajen.

Alhaji Nasiru:
To tsallaka titi fa? Ni a ganina a yi gadar sama kawai a huta.

Injiniya Kabiru:
Ranka ya daɗe, gadar sama a nan an gudu ne ba a tsira ba. Dole ƙasanta ya kai wajen mita 5.5 don babbar mota ta wuce. Idan matakala aka yi, mai akwati da mai keken guragu da tsohuwa sun fita daga lissafi. Idan gangara aka yi yadda ya kamata, wato tashin mita 1 a kowane mita 12, kowane ɓangare mita 66 ne kafin a ƙara wuraren hutawa, a ce 80. Titin da faɗinsa mita 15 ne ya koma tafiyar mita 175 a cikin rana. Shi ya sa za ka ga gada a sama fayau, mutane a ƙasa suna tsallake shinge. Gada ta babbar hanya ce irin ta Abuja zuwa Kaduna inda tirela ke gudu, ba ta ƙofar tasha ba.

A gaban tasha gudun motar ake kashewa. Mota mai gudun kilomita 30 a awa tana tsayawa cikin mita 13 ko kusa da haka daga lokacin da direba ya hango mutum. Mai gudun 50 sai ta ci ninki biyu. Allon da aka rubuta 30 ba ya hana kowa, tudu ne ke hanawa. A ɗaga wajen tsallakawar kansa santimita 8 zuwa 10, samansa shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita 5 zuwa 6, hawansa mita 1 zuwa 1.5 a kowane ɓangare. Irin tudun da matasan unguwa ke yi da siminti mai tsini bayan an kaɗe yaro, shi ne ke fasa ƙasan mota ya kuma wuntsilar da mai babur da daddare. Idan titin tagwaye ne, a bar tsibiri a tsakiya mai faɗin mita 2, mutum ya tsallaka rabi ya tsaya da kayansa. Kuma a yi shi daidai inda mutane suke tsallakawa yanzu. Sawunsu a ƙasa zai nuna wajen.

Injiniya Hadiza:
Ƙari kaɗan: tudun nan yana tare ruwan da ke bin gefen kwalta. A sa mashigar ruwa ta ɓangaren da ruwan ke gangarowa, in ba haka ba an yi tafki a daidai inda aka ce mutane su tsallaka.

Malama Zainab:
Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce. Don haka gangara a ƙofar tasha ba alfarma ba ce. Gurbin motarsu faɗin mita 3.6, saboda a buɗe ƙofa gaba ɗaya a fito da keke, kuma shi ne mafi kusa da get. Turakun ƙarfen da ake kafawa don hana mota hawa hanyar ƙafa, a bar mita 1.2 a tsakaninsu. An sha matse su don a hana babur, sai a hana keken guragu da mai baro, babur ɗin kuma ya zagaya ta wani wajen.

A kan keke, ina goyon baya. Tafiyar minti 10 da ƙafa mita 800 ce. Minti 10 a keke kilomita 2.5 ce. Faɗin unguwannin da za su iya isa tasha a minti goma ya ninka kusan sau goma ke nan. A Holan, tashar Utrecht tana da wajen ajiye keke 12,500.

Malam Ɗanjuma:
Malama, mu bar Holan a Holan. Wa zai hau keke da akwati ya bar shi kwana biyu a Rigasa? Babur ɗin gida, shi ne gaskiyar magana. An yi dokar hana acaba a Kaduna tun 2014, amma mutum da babur ɗinsa yana nan, kuma shi ba a taɓa zana masa gurbi.

Malama Zainab:
Ban musa ba Malam. Mai keke a nan ma'aikacin tasha ne, da ɗan kasuwa, da mai zuwa ya dawo a ranar da jakar goyo. Ba su da yawa yanzu domin ba inda za su ajiye hankali kwance. A fara da gurbi 30 zuwa 40, a bar fili a gefe. Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar keke 8 zuwa 10, ko babur 4 zuwa 5. Idan wata shida ya cika a ƙara, idan bai cika ba abin da aka yi asara gurbin mota huɗu ne.

Usman Mai Walda:
Abin ɗaure keken aikinmu ne, ba sai an yi odarsa daga waje ba. Fayif mai inci biyu, wanda aka yi wa ruwan zinki don tsatsa, a lanƙwasa shi kamar ƙofa, tsawo santimita 75 daga ƙasa, faɗi 70 zuwa 80. A binne ƙafafun santimita 30 cikin kankare, a walda guntun rodi a gicciye a ƙarshen kowace ƙafa don kada a girgiza a zare. Kada a ɗaure shi da noti a kan daɓe, sifana ɗaya ta isa a tafi da shi har da keken. Tsakanin ɗaya da ɗaya mita 1, kowane yana ɗaukar keke biyu. Idan har da babur za a ɗaure, a kai mita 1.5.

Irin wanda ake soka tayar gaba a tsakanin ƙarfe biyu kada a yi. Keke ya faɗi gefe, rim ya lanƙwashe, ɓarawo kuma ya kwance tayar ya bar maka ita ya tafi da sauran. Jikin keke ake ɗaurewa, ba taya ba.

A yi rumfar kwano a sama, rana tana cinye sirdi da taya. A ajiye wajen inda mai gadi ke gani, ba bayan banɗaki ba. A ba mai faci gurbi a gefe kyauta, ya riƙa ba da kati mai lamba biyu, ɗaya a jikin keke ɗaya a hannun mai shi.

Alhaji Nasiru:
To tunda an tura mu baya, a yi mana shi da kyau. Shinge, ƙofar shiga ɗaya ta fita ɗaya, kati mai lambar mota da lokacin shiga, kuɗin kwana a rubuce ɓaro-ɓaro a allo don kada a yi ciniki da mai gadi. Wajen sauke fasinja minti 10 na farko kyauta, bayan haka kuɗi mai zafi. In ba a yi haka ba, direban da aka aiko ɗaukar oga zai zo awa guda kafin jirgi ya kashe mota a gurbin saukewa ya kwanta. A ba irinsu wajen jira dabam, su matso idan an kira su a waya. Sannan hanyar ƙafa mai rumfa daga fakin zuwa get, da baro na haya mai farashi ɗaya.

Kuma ba dole a zuba kwalta a filin duka ba. Hanyoyin ciki a yi musu kwalta ko intalok, gurabun a daddaɓe a zuba tsakuwa, ruwa ya nutse.

Hajiya Rabi:
Yanzu muka zo wuri ɗaya Alhaji. Inuwa da haske suka rage. Itace kowane mita 8 zuwa 10, a ramin da ya kai mita 1 da mita 1, nesa da gefen intalok, domin saiwar darbejiya tana ɗaga daɓe idan aka matse ta. Shekara biyun farko sai da keji da ban ruwa, in ba haka ba awaki sun gama da shi. Fitilar sola ta hanyar ƙafa turke mita 5 zuwa 6, tazarar mita 20 zuwa 25, kuma ta fi yawa a wajen tsallakawa. A sayi mai batir a sama cikin kan fitilar, na akwatin ƙasa ba ya kwana. A sa goge faifan sola cikin aikin wani, domin ƙurar hunturu tana rage cajin har fitila ta mutu kafin tsakar dare.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya dubi jirgin cikin garin Abuja. An ƙaddamar da shi a Yulin 2018 da tashoshi 12, da yawansu babu titin kirki da zai kai mutum gare su. Ya tsaya a 2020, kuma da za a dawo da shi a Mayun 2024 sai da aka koma aka gina hanyoyin shiga tashoshin.

Injiniya Kabiru:
Akwai ƙullin da ba mu kwance ba. Cikin shingen tasha na hukumar jiragen ƙasa ne, ta tarayya. Titin waje na jiha ne, izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, 'yan tebur kuma ƙaramar hukumar Igabi ke karɓar kuɗinsu. Idan kowa ya yi nasa, hanyar ƙafar jiha za ta ƙare a jikin katanga, ƙaramar ƙofar tasha kuma tana mita 40 daga nan. Taswira ɗaya ce za ta ratsa shingen, kowa ya sa hannu a kanta kafin a ba da kwangila.

Malam Ɗanjuma:
Kuma a rubuta a takardar wanda zai yashe kwata da wanda zai sauya batirin fitila, da inda kuɗin za su fito. Kuɗin fakin na Alhaji sun isa, idan aka ware kaso tun farko aka ce na wannan ne. Kafin a kai ga siminti ma, a gwada tsarin lodin Napep na mako biyu da fenti da durom da igiya. Inda direbobi suka ture durom ɗin, nan kwanar ta yi musu kaɗan, sai a faɗaɗa ta a taswira.